Shimfiɗar kod a fiyano: dalilin da kiɗan wani yake fita tas, na wani kuma ya zama kunu

Akwai roƙon da yaran da suke koyon fiyano basa gajiya da yi min, wai Oga don Allah ƙaro min kod, waɗanda na iya sun tsufa. In nace to buga min waɗanda ka iya ɗin inji, sai ya danna Am, F, C, G (kod kenan, tarin sautukan da ake dannawa tare), guda huɗun nan da waƙoƙi ba iyaka suke hawa kansu, kuma wallahi baya kuskure ko ɗaya, amma amon sai kaji shi wani dagwalo-dagwalo kamar an dama kunu ba'a tace ba, hannun nasa kuma yana ta tsalle daga nan zuwa can kamar ɗan akuya ya ƙoshi. Ni na san ciwon saboda na daɗe a cikinsa. Abun da ya raba ni dashi wani dattijo ne da yayi kiɗan otal a zamanin ƙuruciyarsa, ya shigo sitidiyon da nake koyon aiki ya tarar ina fama, ya tsaya a bayana kamar minti biyu sannan yace matsa can yaro. Ya zauna ya buga wani abu mai sanyi, tsigar jikina har tashi tayi, nace Baba wane kod ne wannan? Yace naka ne mana, guda huɗun da kake dukansu tun ɗazu, ban ƙara komai ba, ragewa ma nayi.

Toh abun da ya canza a ranar shine abun da Turawa suke kira boisin, daga kalmarsu ta murya, ni kuma na fi son ince shimfiɗar kod. Shi sunan kod ba abun da yake faɗa maka illa su waye a ciki. In ance C meja, ana nufin sauti uku, C da E da G, ko do mi so ga waɗanda suka koya ta solfa. C shine tushe, E ana ce masa na uku, G na biyar, saboda in ka ƙirga fararen maɓallai daga C haka lissafin zai faɗo. Amma sunan bai gaya maka wanne C ba, bai gaya maka wa zai zauna ƙasa wa zai hau sama ba, wa za'a ninka, wa za'a bari a gida, ko tazara nawa za'a bari tsakani. Kibod ɗin Yamaha mai maɓalli 61 da ya cika sitidiyoyinmu yana da C guda 6, E guda 5, G guda 5. Ko da ɗaya-ɗaya zaka ɗauko, 6 sau 5 sau 5, hanya 150 kenan ta buga kod ɗin da kake ganin ka gama iyawa. A babban fiyano mai maɓalli 88 lissafin 392 yake bayarwa, kuma fa ba'a fara maganar ninki ba. Da yawa daga cikinsu basu da daɗi, wasu hannu ma bazai kai ba, amma dai kaga cewa mai hanya ɗaya tak bai kamata yace kod ɗinsa ya tsufa ba.

Bari mu fara daga ƙasa, ɓangaren hannun hagu, don can ne ake yawan ɓata miyar.

Je can ƙarshen kibod ɗinka na hagu ka danna C na farko da E ɗin da ke kusa dashi tare. Zakaji wani gurnani, kamar janareto na neman mutuwa. Yanzu ɗauki C da E ɗin nan ka kai su oktef uku sama (oktef shine tazarar daga C zuwa C na gaba), sai kaji su garau kamar ƙararrawa. Tazarar iri ɗaya ce a ido, a kunne kuma sama da ƙasa. Dalilin lissafi ne. Wancan C na ƙasa yana kaɗawa kusan sau 65 a daƙiƙa, E ɗinsa kusan sau 82, bambancinsu 17 kacal, kunnen ɗan adam kuma in sautuka biyu suka matsu haka baya iya raba su sosai, sai yaji suna ta gogar juna. Na saman kuwa 523 ne da 659, tsakaninsu 136, kowa da filinsa. Wani masanin kimiyya ɗan Jamus, Helmholtz, tun 1863 ya rubuta littafi guda akan yadda wannan gogayyar take haifar da kaushi a kunne, don haka ba yau aka gano ba, mu ne dai bamu samu wanda ya faɗa mana da wuri ba.

Kuma akwai wani abun mamaki, shi sauti guda ɗaya ma ba shi kaɗai yake fita ba. In ka tsinki tsirkiya ko ka danna wancan C ɗin, a cikinsa akwai wasu ƙananan sautuka da suke raka shi a ɓoye, ninki biyu na kaɗawarsa, ninki uku, huɗu, biyar, haka har sama. In ka jera su zasu baka C, sai wani C oktef guda sama, sai G, sai C kuma, sai E, sai G. Duba tsarin da kyau. Daga ƙasa tazara mai faɗi, oktef cur, sai tazarar biyar, sai ta huɗu, kuma E bai shigo ba sai da aka haura oktef biyu. Wato Allah da kansa ya halicci sauti da faɗi a ƙasa da matsi a sama. Duk wanda ya shimfiɗa kod ɗinsa akan wannan fasalin kunne zai karɓa ba gardama. Shi yasa dattijon nan abu na farko da yayi min shine ya ɗauke min yatsu biyu daga hannun hagu, yace tushe kawai, in ka matsu ƙara na biyar ko oktef, amma kar in sake ganin yatsu uku a cunkushe a can ƙasa. Gwada wannan kaji: hagu C da G, dama E, G, C a tsakiyar kibod. Ko kuma wanda nafi so, C a ƙasa, G a samansa, sai E a can sama da oktef, sauti uku rak amma ya cika ɗaki.

Masu haɗa kiɗa a kwamfuta wannan ya fi shafarku, saboda kuna da bes daban, ga kik, ga wani lokacin kalangu ko ganga da aka ɗora, duk suna rububin wuri ɗaya. Sai mutum ya zo wajen miksin yana ta yanke-yanke da ikwalaiza yana zagin sifika, alhali tun wajen dannawa ya cusa fad, wato sautin nan mai jan tsawo a bayan kiɗa, da fiyano da sitirin duk a oktef ɗaya, cunkus ɗakin tsumma. Ga shi yawancin masu sauraronmu a waya zasuji waƙar, ita kuma ƙaramar sifikar waya bata fitar da sautin ƙasa, ko kuma a cikin adaidaita sahu inda bes ɗin yake neman fasa maka ƙirji, ko ta ina dai cunkoson ƙasa asara ce.

Sai maganar tsallen hannu. Dawo kan Am, F, C, G ɗin yaron nan. Shi abun da yake yi, A C E, ya ɗauke hannu gaba ɗaya ya koma F A C, ya ɗauke ya tafi C E G, ya sake ɗaukewa zuwa G B D. Kowane kod sabon gida yake tarewa. Alhali in ka lura Am da F suna da sauti biyu na tarayya, A da C, to me ya kai ka ɗaga su? Bar su a wurin, matsar da E kaɗai zuwa F, rabin taki, wato maɓallin da yake manne dashi, kana da A C F, an gama. Daga nan zuwa C meja, C yana nan zaune, A ya sauko G, F ya koma E, G C E kenan. Zuwa G meja kuma G ya tsaya, C ya sauko B, E ya sauko D. Duk zagayen babu yatsan da yayi tafiyar da ta wuce maɓalli fari ɗaya, hannun hagu shi yake yawon tushe a ƙasa. Ranar da na fara jin wannan a hannuna sai da naji haushin kaina, abu a saman hancina.

Sirrin shine ka daina kallon kod a matsayin dunƙule ɗaya, ka ɗauka kowane yatsa mutum ne mai waƙa, kamar 'yan amshi uku ko huɗu a tsaye. Ba zaka ce wa ɗan amshi ya dinga tsalle sama da ƙasa ba dalili ba, zaka bashi layi mai santsi da zai iya rerawa. Asalin abun ma daga muryoyi ya taso, shi yasa sunan ya fito daga murya. Mawaƙan coci a Turai sun raba kansu huɗu, sofirano, alto, teno da bes, kuma har yau a makarantun kiɗa ana koyar da wannan fanni da waƙoƙin Bach, Bajamushen nan da ya rasu a 1750, akwai sanannen tari na 371 da ɗalibai suke bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idojin da aka tsamo daga irin wannan kiɗan masu sauƙin riƙewa ne. Tsakanin muryoyin sama uku kar maƙwabta biyu su yi nisan da ya wuce oktef, amma bes yana da 'yancin yin nesa, kaga dai tsarin faɗi a ƙasa ya sake dawowa. Sautin tarayya a barshi a bakin mai shi. In bes ya hau, yana da kyau na sama su sauko. In za'a ninka, a fi ninka tushe, kuma a guji ninka sautin da yake jan kunne zuwa gida, irin B a cikin kod ɗin G idan ana kiɗa a C, don duka biyun zasu so faɗawa C lokaci ɗaya. Sun kuma hana muryoyi biyu su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazarar biyar. Wannan ta ƙarshen kar ta hana ka barci, dokar gidansu ce, masu jitar rok kullum karya ta suke kuma cin abincinsu suke.

Wannan juye-juyen da muka yi a dama, A C F maimakon F A C, mutane suna ce masa juyi, amma a lura, ainihin juyin kod yana ga sautin da yake can ƙasa da kowa. Muddin bes yana kan F, to kod ɗin yana kan tushensa komai yadda ka birkita na sama. Sai ranar da ka sa A a ƙasa sannan ya zama juyi na farko. Bafaranshe Rameau ne ya kafa wannan fahimtar a littafinsa na 1722, cewa E G C da C E G duk ɗan gida ɗaya ne. Amfaninsa a aikace shine bes ɗinka ya samu waƙar kansa. Maimakon C, G, Am da tsalle, sa B a ƙarƙashin G ɗin, a rubuce G/B, sai bes ya gangaro C, B, A kamar mai sauka daga matattakala. Ko C/E kafin F, yana wani turo ka gaba. Shi kuma na biyar a ƙasa, C/G, baya zama daram, kullum kamar yana jiran wani abu, don haka kar ka rufe waƙa dashi sai in da gangan kake so ka bar mutane a rataye.

Yanzu ragewar da Baba ya faɗa. A cikin kod ba kowa ne yake da nauyi ɗaya ba. Na uku shi yake faɗin ko meja ne ko maina, sauke E zuwa Eb kaji yadda fuskar kod ɗin take canzawa nan take. In kod mai sauti huɗu ne, na bakwai shi yake faɗin ko zaune yake ko tafiya zai yi, Cmaj7 mai B a kwance yake, C7 mai Bb kuwa ƙafarsa ɗaya a waje. Na biyar fa? G ne a meja, G ne a maina, G ne a C7, baya kawo labari, kuma mun riga munga yana ɓoye a cikin tushe tun asali. Shi ake fara sallama, sai dai in an rage shi ko an ƙara shi da rabin taki, nan kam ya zama mai magana. Bayan shi, in akwai mai bes a wurin, tushen ma kana iya barinsa.

Mutanen jaz a Amurka su suka kai wannan ƙarshe. A shekarun 1940 Bud Powell hannun hagunsa sau da yawa sauti biyu kawai yake riƙewa, tushe da na bakwai ko tushe da na uku, ya bar dama tana gudu. Freddie Green ya shiga ƙungiyar Count Basie a 1937 ya yi kusan shekara 50 yana buga jita a cikinta, da 'yan ƙananan kod na tsirkiya biyu uku, a tsakiyar masu busa fiye da goma, kuma shine bugun zuciyar ƙungiyar. Gwada nasu salon da Dm7, G7, Cmaj7. Hagu D, G, C. Dama kuma sauti biyu-biyu, C da F, sai B da F, sai B da E. Ka gani? Kowane canji yatsa ɗaya ne yake zamewa rabin taki, na bakwan wannan kod ya faɗo ya zama na ukun na gaba. Ni a ganina wanda bai iya wannan a dukkan ki 12 ba, wato farawa daga kowanne cikin sautuka 12 na kibod, bai kamata ya ɓata kuɗin data yana neman kod masu dogayen suna ba.

Da aka kori tushe, wani lokacin har da na biyar, sai yatsu suka samu sarari, sai aka fara gayyato baƙi, na tara, na sha ɗaya, na sha uku. A ƙarshen shekarun 1950 irin su Red Garland da Wynton Kelly da Bill Evans suka yaɗa kod marasa tushe. Misali Dm ɗin nan sai ya zama F A C E, G ya zama F A B E, C ya zama E G B D. Babu D a na farko, babu G a na biyu, babu C a na uku, mai bes ya ɗauke wannan nauyin. In ka buga su kai kaɗai zakaji kamar suna shawagi, amma bari bes ya shigo kaji yadda suke zama. Wurinsu tsakiyar kibod ne, kewayen C na tsakiya, in ka sauke su ƙasa kunun nan zai dawo. Akwai kuma dabarar ɗora kod akan kod, hagu E da Bb, wato na uku da na bakwan C7, dama kuma D meja cikakke, D F# A. Wannan yaji ne, kuma gaskiya a waƙar soyayya irin tamu in ka zuba shi ba lissafi mawaƙin zai juyo ya harare ka.

Wata hanyar buɗe kod mai sauƙi ita ce wadda suke kira dirof 2, wato sauke na biyu. Ɗauki kod a matse, C E G B. Ƙirgo daga sama, B na ɗaya, G na biyu. Ɗauke G ɗin ka kai shi oktef ɗaya ƙasa, ya zama G C E B. Mutanen basu canza ba, na saman ma bai motsa ba, amma iska ta shiga. Masu jita sun rayu akan wannan saboda kod mai sauti huɗu a matse yana neman tsaga musu yatsu, wannan kuwa yana faɗowa daidai akan tsirkiya huɗu a jere, Wes Montgomery ya yi suna da irinsu, haka masu rubuta wa 'yan busa kiɗa. A FL Studio abun ma wasa ne, zaɓi sautin a fiyano rol, riƙe Ctrl ka danna kibiyar ƙasa, ya sauka oktef. Minti biyar zaka yi kana wannan wasan ka gane abun da ni na shekara ban gane ba.

Inda abun ya fi burge ni, kuma inda nake ganin ya shafe mu kai tsaye, shine kod ɗin da ake ginawa da tazarar huɗu-huɗu maimakon uku-uku. A faifan Miles Davis na 1959, Kind of Blue, a kiɗan farko mai suna So What, Bill Evans yana amsa wa bes da wani jeri, E A D G B, sannan ya sauke shi taki guda, D G C F A. Tazarar huɗu sau uku, sai ta uku a sama. Jerin farkon nan daidai yake da yadda ake ɗaure tsirkiyoyi biyar na farko na jita in ka fara ƙirga daga mai kauri, duk mai jita ya taɓa buga shi ba da saninsa ba. McCoy Tyner da yake tare da John Coltrane a shekarun 1960 ya mayar da irin wannan ginin tambarinsa. To meye haɗinmu dasu? Kiɗanmu na gado, na goge da kukuma da gurmi da kuntigi, ba akan kod aka gina shi ba, murya ce da amshi da kiɗa, kuma waƙoƙinmu da yawa akan sauti biyar suke yawo maimakon bakwai. Ɗauki sauti biyar na A maina, A C D E G. Yanzu jera su irin na Bill Evans daga A, zaka samu A D G C E. Su ne dai biyar ɗin, ba ƙari ba ragi. Ma'ana in mawaƙinka yana yawo a cikin biyar ɗin nan, wannan shimfiɗar duk inda ya taka gidansa ne. Na sha gwada shi a ƙarƙashin waƙa mai salon gargajiya, inda kod ɗin meja da maina na yau da kullum suke sa ta yi kama da an saka wa dattijo kwat, wannan kuwa sai ya zauna mata kamar babbar riga.

Nan ne ma ake samun rikici da F da G ɗinmu na farko. F baya cikin biyar ɗin, B na cikin G meja shima baya ciki, kuma kowannensu rabin taki ne tsakaninsa da sautin da mawaƙin yake so, F kusa da E, B kusa da C. Ba wai haramun bane, wurin zama ne matsalar. In mawaƙiya ta ja E mai tsawo kai kuma kana da F a ƙasa da ita da tazarar bakwai, daɗi ne zalla, Fmaj7 kenan. Amma juya su, E a ƙasa F a sama da oktef da rabin taki, zakaji kamar an ja ƙusa akan kwano. Sautuka biyun nan dai su ne, wanda ya hau kan wani ne ya bambanta. Hanyar tsira mai sauƙi ita ce a G ka cire B ka sa C ko A a gurbinsa, abun da ake rubutawa Gsus4 da Gsus2, a F kuma ka bar F ɗin a hannun hagu kawai, dama ta riƙe A C E ko G A C.

Sannan ka dinga sauraron sautin da yake can sama da kowa a kod ɗinka, domin kunne shi yake kamawa, ko ka so ko ka ƙi waƙa yake yi. In yana yawo daidai inda muryar mawaƙi take, zasu dinga taka ƙafar juna, balle Hausa da ma'anar kalma take rataye da hawa da saukar murya, bai kamata fiyano ya zo yana jan kunnen mutane wani wajen ba. Ko ka zauna ƙasa da muryar, ko ka haye can sama da ita, ko ka kafe sautin saman a wuri ɗaya ya daina jan hankali. Wannan na ƙarshen ina yawan yinsa, in riƙe G da C a dama in ƙi sakinsu, hagu ta yi ta zagayen A, F, C, G. Sunayen da zasu fito Am7, Fsus2, C, Gsus4, kamar wani babban ilimi, alhali yatsu biyu ne suka ƙi tashi. Masu jita suna da irinta, su danne tsirkiyoyi biyu na ƙarshe a gaɓa ta uku, D da G, su yi ta zagaya G, Cadd9, Em7, Dsus4.

Abu ɗaya da nake ganin ya cuce mu, duk da ya taimaka, shine tsarin yatsa ɗaya na kibod, inda zaka danna maɓalli guda inji ya cika maka kod da bes da ganga, ka haɗa da baƙin maɓalli na hagunsa ya baka maina. Ya sa mutane da yawa sun ci abinci, ban raina ba, amma inji shi yake zaɓar shimfiɗar, kuma yadda ya buga a baiti na farko haka zai buga a na shida. Waƙoƙinmu ga tsawo, minti shida bakwai akan zagaye ɗaya, to in kod bazai canza ba ai dole shimfiɗa ta canza. Ni yadda nake yi, baitin farko sauti biyu ko uku a tsakiya, wani lokacin ko na uku bana sawa, tushe da na biyar kawai, in bar muryar ta faɗi ko meja ne ko maina. Amshi ya zo in buɗe, oktef a hagu, dirof 2 a dama, sautin sama ya haura. Baiti na biyu in koma ƙasa amma in juya bes ɗin, C/E, G/B. Wajen da mace ta karɓa in ɗauke hannun hagu gaba ɗaya in bar wa bes, in ta gama namijin ya dawo in mayar. Na huɗu-huɗun nan kuma ina ɓoye shi sai wajen da aka tsaya da waƙa kiɗa kaɗai yake tafiya.

Kwanaki yaron da na fara baku labarinsa ya dawo da filash, wai inji sabon aikinsa. Hagun ta yi tsaf, tsallen ya ragu, sai dai yanzu ya gano na tara, ya bi kowane kod ya liƙa masa, har na rufewa. Nace cire a uku ka bari a ɗaya. Yace Oga wanne? Nace sake kunnawa daga farko, wannan karon kar ka kalli sikirin.